Fuskar Direba a Gilashin Inji

Ran da za a fitar da tsohon injin fotokwafi daga ofis, Sakatariya ta fi kowa ɓata rai. Baba Tsoho suke ce masa, don sai da lallashi yake aiki: a bubbuga masa gefe, a jira ya gama tari, sannan ya tofo takarda da ɗuminta. Tun tana amarya take fama da shi.

Mai gyara ya kwance bayan injin, ya zaro wani faifai da bai wuce tafin hannu ba. Ya ce duk takardar da aka ɗora a gilashin nan hotonta kan zauna a ciki, kuma masu satar bayanan mutane irin waɗannan injuna suke bi a gwanjo. Shi ya sa manaja ya ce a fasa faifan kafin a sayar.

Sakatariya ta tuna wani hoto da ke cikin faifan. Marigayi mijinta, direban ofishin, ba ya ga maciji da kyamara. Hoton katin aikinsa kaɗai gare ta, ya murtuke kamar bai taɓa dariya ba. Amma wata rana da suka yi faɗa, ya shigo ya manna fuskarsa a gilashin injin ya danna maɓalli. Hanci a baje, ido a rufe, haƙora duk a waje. Ta yi dariya har da hawaye, faɗa ya mutu. Takardar kuwa, ruwan da ya ci ɗakinsu ya tafi da ita.

Ta tambayi mai gyara ko zai ciro mata wannan hoto ɗaya tak. Ya ce sai dai ya kai faifan shago, su bi shafi bayan shafi shi da abokan aikinsa.

Ta san abin da ke ciki, ai da hannunta ta ɗora su. Sakamakon asibitin akawu, da ya roƙe ta kada kowa ya ji. Takardar sakin mai shara. Katin shaidar kowa. Kewar dariyar nan ta taso mata, amma ta girgiza kai.

"Fasa shi a gabana, ɗana," ta ce.

Ya sa guduma, ta kau da kai. Da ya gama, ta dafa gilashin.

"Wannan dai ba ya riƙe asirin kowa, ko?"

Ya ce ba ya riƙewa, ya kwance mata. Ta naɗe shi a mayafinta, ta rungume shi har gida.