Tukwane Biyu a Igiya Ɗaya

"Ba zan tsinke ba, oga," na ce.

Oga Thaddeus, mai makarantar da nake koyar da fiziks a Karu, yana tsaye a ƙofar aji yana miƙo mini almakashi.

Makarantar ba ta da ɗakin gwaji. Shi ya sa na ja igiya daga taga zuwa ƙusar allo, na rataya ƙananan tukwane biyu da na sayo a Ushafa, da jan zare, tsayi ɗaya. In ka tura ɗaya, sai ta yi ta lilo, a hankali ta lafa har ta tsaya, 'yar'uwarta da ba wanda ya taɓa ta karɓa. Jim kaɗan lilon ya dawo wa ta farko. Igiyar sama ce ke kai ƙarfin tana dawo da shi. Yara suka yi tafi. Wata ɗaliba, Perpetual, ta je gida da murna ta ba uwarta labari. Kafin mako ya ƙare, iyaye na coci da na masallaci sun haɗa baki: Malama Surayya ta rataya tsafi a aji.

"Ni na san ba juju ba ne," in ji oga. "Amma tukunya, Surayya! Da jan zare! Gobe a asambuli, gaban ɗalibai duka, ki tsinke, ki ba iyaye haƙuri."

"Haƙurin me? To, in tukunya ce matsalar, zan rataya kwaɗo biyu."

"Kwaɗo? So kike su ce kin kulle ƙwaƙwalwar yara?"

Na ce a kira iyayen su tura da hannunsu. Ya ƙi. Shi ya yanke, tukwanen suka fashe. Washegari na ɗaura duwatsu.

Haka muka yi ta yi har ƙarshen zango. Malaman da muke cin abinci tare suka janye kujerunsu. Wani ya barbaɗa gishiri a ƙofar ajina don karya tsafi, na tsallake na shiga. Ba don in tsaya gaban yara in ce kimiyya tsafi ce na yi digiri a Gwagwalada ba.

Ranar hutu oga ya ce kar in dawo. Sunan mai tsafi ya riga ni zuwa duk makarantar da na nema a Karu. Ban ba da haƙurin ba, kuma ba ni da aji. Perpetual ma in ta hango ni sai ta sauya hanya.