Ƙuna a Zanen Indo

Hantsi ne kawai, amma rana ta riga ta fara cizo irin na tsakiyar bazara. Gajimare ya taru can gabas ya tsaya, ba ruwa ba iska. Indo tana tafe a gefen katangu tana bin guntun inuwa, da zane naɗe a hammatarta. Rumfar Baba Aisami masaƙi za ta, can bayan kasuwar Gure. Surukarta, wadda duk gidan ke kira Iya, ita ta aike ta a cire fallen da ya ƙone a sa sabo.

Kafin ta kai kasuwa ta gamu da mata biyar, huɗu cikinsu da zane mai ratsi. Yayin bana ke nan, kuma daga jikinta ya fara. Mijinta Garba ne ya zo mata da zanen daga Kano da ya dawo fatauci ƙarshen sanyi: shuɗi mai duhu, da siraran ratsin fari biyu, sai ja guda na alharini a tsakaninsu. Sau ɗaya ta ɗaura shi zuwa wani suna. Kafin mako ya kewayo, babu matar da ba ta neman irinsa, har masu kawo nono daga wajen Kelle sukan tsaya bakin rumfar masaƙa su ce a nuna musu na Indo.

Matan suka gaishe ta, suka yi mata jaje kan zanen. Ɗaya ta ce ai amana ta yi wuya yanzu. Indo ta amsa da ka, ta ƙara sauri.

To, ga yadda abin ya faru. Kwana goma da suka wuce ta zuba kajiji a kasko, ta kifa kwando a kai, ta shimfiɗa zanen don ya sha turare. Sai hira ta ɗauke ta a bakin danga. Da ta dawo, garwashi ya ci kwandon ya ci zanen, rami kamar tafin hannun jariri, daidai kan jan ratsin. Iya kuwa ta sha yi mata faɗa a kan barin kasko. Indo ta ninke zanen, ƙunar a ciki, ta tura shi ƙasan adudu.

Washegari sai ga Ladi. Ladi dillaliya ce, maƙwabciyarsu, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu. Da ƙunshin kayan mutane a ka take cin abinci, ta shiga wannan gida ta fita wancan, matan da ba su fita su ba ta zane da mayafi ta sayar musu, ko ta kai wa masaƙi saƙonsu. Ita ce ta sa wa Indo lalle ranar da aka kawo ta garin, ita ta koya mata sunayen mutanen unguwa. Ta zo aron zanen ne na yini ɗaya, ta kai wa Baba Aisami ya ƙirga zaren ratsin, don mata sun dame ta. Indo ta buɗe adudu ta miƙa mata shi a ninke. Ba ta shirya komai ba. Hannunta ne dai ya riga bakinta.

Da yamma Ladi ta dawo da shi, Iya ta warware a tsakar gida, yadda ake yi wa kayan aro. Rana ta leƙo ta cikin ramin. Ladi ba ta dubi zanen ba, ta dubi Indo. Ta daɗe tana dubanta. Indo kuwa turmi take kallo, kamar yau ta fara ganin turmi. Can Ladi ta durƙusa ta ce, "A yi haƙuri, Iya."

Iya ba ta iya faɗa a hankali ba. Kafin magariba unguwa ta ji, kafin kwana uku gidaje sun aika an karɓe kayansu daga hannun Ladi, har waɗanda ta yi wa dillanci shekara takwas ba a taɓa rasa ko allura ba.

Baba Aisami yana zaune a rumfarsa, ƙafafu na taka sanduna, zare ya miƙe gabansa har tsakiyar fili. Tsoho ne ɗan Barebari, mai son ba'a. Da ya ga Indo ya ce ga wadda ta hana shi barcin rana, tun da ta ɗaura wannan zane bai saƙa fari zalla ba, jakinsa ma in ya tsaya kusa da mata sai sun ce a yi masa ratsi. Indo ta yi murmushin dole, ta durƙusa ta miƙa masa zanen, ta faɗi saƙon Iya.

Ya warware, ya sa yatsa cikin ramin, ya kai hanci ya shinshina. Ya daina dariya.

"Na san shi ai," in ji shi. "A nan aka fara buɗe shi, a gabana. Da ƙunarsa ya zo."

Tsohon bai dubi Indo ba, gefen ramin yake shafawa. Ya ce a ran nan da ta ga ramin, Ladi ta yi tsaye kamar an dasa ta. Shi ya ce mata ta koma da shi nan take ta nuna, ga ƙamshin kajiji bai ma fita ba, kowa kuwa ya san ba ta da abin sayen kajiji. Ta ƙi. Ta roƙe shi ya ƙirga zarensa kawai, kada ya ce komai ga kowa.

"Cewa ta yi ke yarinya ce, tsoro ne. Ta ce in an ba ki kwana biyu za ki faɗa da bakinki." Ya ninke zanen ya miƙa mata. "Fallen zan iya cirewa, 'yata. Sai dai ba ni da jan alharini, sai ayari ya zo daga Damagaram. Tafi da shi tukuna."

Ya koma saƙarsa. Indo ta miƙe ba ta san ko ta yi sallama ba.

Ta tarar da Iya a inuwar rumbu tana kaɗi. Ta zauna nesa kaɗan, ta ajiye zanen, ta faɗi maganar alharini. Sannan, ba ta ɗaga kai ba, ta faɗi sauran: kasko, hira a bakin danga, ƙasan adudu. Ta jira faɗa, har tana son a yi mata shi.

Iya ba ta tsayar da mazari ba. Sai da ta naɗe zaren da ta ja, ta lashi yatsa, sannan ta ce ita ma ba ta rasa hanci ba, tun daren ranar da ta ɗauki zanen za ta ajiye ta ji abin da ta ji. Amma a lokacin ta riga ta yi magana, mutane sun ji.

"Ki bar shi a nan inda kika faɗe shi," in ji Iya. "In ya fita, sunan gidan nan zai ɗauka, da na mijinki a kasuwa. Ruwa na sauka kowa zai tafi gona a manta. Zan aika wa Ladi da gero."

Abin da ya fi damun Indo shi ne daɗin da ta ji. Ta faɗa, an ji, an ce ta yi shiru, ba ruwanta kuma. Daɗin ya sauka mata a ƙirji kamar ruwan randa. Ta tashi ta yi daka, ta dama fura, ta kai wa Iya. Amma duk inda ta juya sai ta ji maganar tsohon nan, wai in an ba ta kwana biyu. Yau kwana tara ke nan.

Bayan la'asar Iya ta kishingiɗa. Indo ta shiga ɗaki ta ɗauko zanen. Da ta ga dama, da ta soke ƙunar a ƙugu, babu mai gani. Amma ta juya shi ta ɗaura, ramin ya faɗo daidai gwiwa, fatarin ciki na leƙowa. Ta ɗauki tulu ta fita.

Bakin rijiya ya cika da mata, ruwan ya yi ƙasa kamar kullum a bazara, igiya sai an ƙara mata tsawo. Ko'ina ratsi, na wasu baƙi da fari, na wasu jan ma na rini ne ya fara zuba. Can gefe ta hango Ladi, da tsohon zanenta da ya koɗe, da tulu uku a jere. Indo ta san tulunan, na gidan mahauta ne. Ashe ɗiban ruwa take yi wa mutane yanzu. Wajen da ta tsaya babu kowa kusa da ita.

Talatu matar maƙeri ce ta fara ganin zanen. Ta riƙe baki, ta jawo Indo tsakiyar mata tana nuna ramin, ta ɗaga murya yadda za a ji a gefe, ta ce a zo a ga aikin dillanci, an ba mutum zane ya dawo da taga.

"Ni na ƙona shi," in ji Indo.

Maganar ta fito ƙasa-ƙasa, ƙarar gugan wata ma ta rufe ta. Talatu ta ce me? Dole ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karo, ta ce a kaskonta ya ƙone, kwana guda kafin Yaya Ladi ta zo aro, ita ta ninke ta ba ta a haka. Ta ce Yaya Ladi ta sani tun ranar, shiru ta yi mata.

Nan take surutu ya ɓarke. Wata ta ce ita dama ba ta taɓa yarda ba, alhali ita ta fara karɓe mayafinta. Wata ta tambaya ko Iya ta sani. Indo ba ta amsa wannan ba. Talatu ta saki hannunta kamar ta taɓa tukunya mai zafi, ta ce lallai na ninke ba a sanin cikinsa, ta koma layin guga tana waiwaye. Indo ta san kafin ta isa gida maganar ta riga ta, ta kuma san abin da ke jiranta a inuwar rumbu.

Ladi ba ta ɗago ba. Ta juye gugan ƙarshe, ta naɗe igiya, ta gyara gammo a kanta. Ta durƙusa ta kama bakin tulun, ta yunƙura, ya rinjaye ta, ruwa ya zube mata a ƙafa. Indo ta ajiye nata ta matso.

"Yaya."

Indo ta sunkuya ta kama gindin tulun, suka ɗaga tare, ta daidaita mata shi a kan gammo, ta riƙe har ta miƙe sosai. Ladi ta share ruwan da ya gangaro mata a goshi da bayan hannu, ta juya ta kama hanyar gidan mahauta.

Saura tulu biyu a ƙasa. Indo ta jawo su inuwa, ta tsaya kusa da su.