Ƙanƙarar Tafkin Milutin

Tun da ɓarin jikinsa na dama ya shanye a ƙarshen kaka, aka dawo wa Milutin da gadonsa ɗakin girki, saboda nan ne kaɗai murhu ke ci yini guda. Kowace safiya matarsa Leposava takan rungumo shi ta ƙarƙashin hammata, ta yi nishi, ta dire shi a kujerar da ke jikin taga. Daga nan yake kallon tafkinsa.

Shi ya haƙa tafkin nan da hannunsa a bayan gida, shekarar da ya yi ritaya daga ma'aikatar sukari. Ya zurfafa tsakiyar har ƙirjin mutum don kifi su sami mafaka in sanyi ya yi tsanani, ya shafe gefen da siminti sumul, ya dasa bado, ya zuba jajayen kifaye. Leposava ta sha yi masa gori a kan cewa mazan mutane kabeji suke shukawa, nata mijin kuwa kiwon sauro ya sa gaba. Amma da yamma ita ce ke riga shi kai kujera bakin ruwa.

Ciwon bai bar shi da tafiya ba, bai kuma bar shi da magana ba. Hankalinsa garau, yana jin komai, amma duk abin da ya yi niyyar faɗa, kalma ɗaya ce ke fitowa daga bakinsa: madalla. In yunwa yake ji, madalla. In ya ɓata shimfiɗa, madalla.

Ta tagar nan ya ga ganyen tuffa na zuba cikin ruwa, babu mai tsamewa. A da shi ke kwashe su da manjagara kafin su nutse, don ya san in suka ruɓe a ƙarƙashin ƙanƙara, iskarsu ke shaƙe kifi. Ya yi ta nuni da hannun hagu, ya yi ta buga taga. Leposava ta kawo masa ruwan sha, ta kawo bargo, ta kawo fo. Kafin ta gane abin da yake nufi ganyen sun kwanta a ƙasa, ruwan ya koma kalar shayi. Bado ya yanƙwane ya nutse. Kwaɗi suka yi tsit. Kifayen suka daina tasowa cin abinci, sai dai a hango jan bayansu can ƙasa, sun taru wuri guda ba motsi.

Ƙanƙara ta fara daga gefe, siririya, rana na ɗagawa ta narke. Sai wata safiya ta ƙi narkewa. Kafin Kirsimeti ta rufe tafkin ruf, ta yi kaurin da mutum zai taka. Leposava ta sha ganin yadda yake yi a shekarun baya, don haka ta ɗauki aikin ba tare da an roƙe ta ba: ta tafasa ruwa a tukunya, ta kai ta ɗora a kan ƙanƙarar daga gefe, ta tsaya tana rawar ɗari har gindin tukunyar ya huda rami. In dusar ƙanƙara ta zuba, ta hau da tsintsiya ta share don haske ya shiga. 'Yan tsuntsaye suka gano ramin, suka riƙa zuwa shan ruwa.

"Ga 'ya'yanka can na buɗe musu taga," in ji ta in ta shigo tana hura yatsu. "Ni da na haifi mutum ban sha wahalar da nake sha a kan kifi ba."

"Madalla."

"Ai dole ka ce madalla, tsoho. Kana nan kana shan ɗumi."

Sau biyu ya gan ta ta sunkuya a bakin ramin, ta juya wa taga baya, ta cusa wani abu a aljihun rigar sanyinta. Ya san mataccen kifi ne. Da ta shigo, ya kau da kai ya bar ta da sirrinta.

Wajen ƙarshen Janairu iska ta juya ta fara busowa daga kudu. Indararo ya yi ta zuba, aka yi yayyafi, ruwa ya kwanta a kan ƙanƙarar. Milutin ya ga launinta ya tashi daga fari ya koma toka-toka, da baƙaƙen tabo a tsakiya. Ya san wannan launi. Ƙanƙara ce da ta ruɓe daga ciki, kaurinta na nan amma ƙarfin ya tafi. Sai kuma sanyi ya ɗan dawo, dusa ta sauka sama-sama ta rufe komai fari fat, kamar ba a yi komai ba.

Da hantsin ranar maƙwabcinsu Gavra ya leƙo, da naɗin waya a kafaɗa. Wutar gidansa ba ta iya ɗaukar injin zartonsa, don haka duk lokacin da zai yanka itace, a babban soket ɗin barandar Milutin yake jonawa.

"Kawu Milutin, yaya ƙarfin jiki? Na ga sai ƙiba kake, Inna na ji da kai."

"Madalla."

"Ka ji mutumin kirki, bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Inna Leposava, in na gama zan turo muku itace baro guda."

"Haka ka ce wancan makon, maƙaryacin banza."

Ya yi dariya, ya jona wayar, ya zura ta ƙarƙashin ƙofar gaba, ya fita. Jim kaɗan injin ya fara ihu a bayan katanga, ƙarar da ke sa gilashin taga rawa.

Leposava ta je ta huda raminta, ta daɗe a tsugune, ta dawo fuska a ɗaure. Wannan karon ba ta ɓoye masa ba.

"Duk sun taso sun cunkushe a ramin, baki buɗe. Ruwan har wari yake. Rami ɗaya bai ishe su ba, zan huda wani a tsakiya."

Ya miƙa hannun hagu ya damƙi hannun rigarta. Ya tattara duk abin da ya rage masa, ya matse harshe, yana neman a'a, kalmar da ko jariri yana da ita.

"Madalla," in ji bakinsa. "Madalla, madalla!"

"To na ji, ai yanzu zan je. Sake ni mana, ruwan zai huce."

Ya girgiza kai, amma kansa dama kullum rawa yake tun da ciwon ya same shi. Ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta gyara masa bargo, ta sunkuci tukunya ta fita ta ƙofar baya.

Ya buga taga da tafin hannu. Ta ɗaga masa kai ba ta waiwayo ba. Ta taka gefen, ya ɗauke ta. Ta ƙara taku, ta ƙara, tururi na tashi daga tukunyar. Tana kaiwa tsakiya ta sunkuya za ta ajiye, sai ƙanƙarar ta buɗe kawai. Bai ji ƙarar ba saboda injin. Ya dai ga matarsa ta gajarce, baƙin ruwa ya taso ya rufe ta.

Ta ɗago, ruwa iya wuyanta, ɗankwali ya zame. Ta kama gefen ƙanƙara, ya gutsure a hannunta. Ta sake kamawa, ya sake gutsurewa. Ta kutsa tana fasawa da ƙirji har ta kusa gefe, amma simintin da ya shafe da hannunsa ya yi gansakuka, santsi kamar sabulu, ga rigar sanyi ta sha ruwa tana jan ta baya. Ta hau, ta zame. Ta hau, ta zame. Yana ganin bakinta a buɗe tana kira, fuskarta wajen katangar Gavra. Injin na ta ihu.

Sai ta juyo ta dubi taga.

Milutin ya jefa kansa daga kujera. Kafaɗarsa ta bugi ƙasa, haƙorinsa ya fasa leɓe. Daga nan ƙasa ba ya ganin tafkin, sai ƙafafun tebur da gindin murhu. Ƙofar baya tana da matakala, ko ya kai can ba abin da zai iya yi mata. Baranda ya nufa. Ya kafa gwiwar hannun hagu ya ja, ya tokara da ƙafar hagu ya tura, ɓarin dama na biye da shi kamar buhun da aka ɗaura masa. Shimfiɗar ƙasa ta naɗe a ƙarƙashin cikinsa ta riƙe shi, ya yi ta shure-shure har ya rabu da ita. Wandonsa ya zame zuwa gwiwa. Yana ja yana kiran sunanta a zuci, bakinsa kuwa na ta zubar da waccan kalma haɗe da jini.

Dokin ƙofar baranda ya tsaya masa a haƙarƙari. Ya yi baya ya sake turawa, fatar cikinsa ta saluɓe, ya wuce. Ga wayar nan kwance a kan siminti, soket ɗin kuwa can sama a bango. Ya kama ya ja, ta ƙi. Yatsunsa ba ƙarfi. Ya naɗa ta a damtse, ya cije ta da haƙora, ya mirgina da dukkan nauyinsa. Kan wayar ya fizgo ya faɗo masa a kunne.

Injin ya yi gurnani ya mutu. A cikin shirun ya jiyo ta, can ƙasa-ƙasa, ba kira ba ne kuma, wani irin nishi ne mai yankewa.

Ya jira. Ba wanda ya zo. Ya ji Gavra na zagin injin, ya ji yana ƙwanƙwasa shi da ƙarfe. Ya ji kare na haushi a wani gida. Sanyin simintin ya ratsa shi har ƙashi, nishin nan kuma ya fara nisa tsakani.

Daga bisani ƙofar gaba ta buɗe, ta wajen titi, inda ba a hango bayan gida.

"Inna, ku ma an ɗauke... Wayyo Allah! Kawu, me ya kawo ka nan? Ina Inna ta shiga ta bar ka haka?"

Gavra ya durƙusa, ya ja masa wando, ya tallafo shi zai mai da shi gado. Milutin ya yi ta fizge-fizge yana nuna ƙofar baya.

"Madalla! Madalla!"

"E, madalla, ga ni na zo. Kwantar da hankalinka, yanzu za ka ji ɗumi."

Ya ɗauke shi cak ya nufi gado da shi, bayansa ga taga. Milutin ya ga gadon na matsowa. Sai ya kafa haƙora a kunnen Gavra ya cije iya ƙarfinsa. Gavra ya ƙwalla ƙara ya sake shi, ya yi taga-taga ya dafe kunne, ya juya yana ashar. A nan idonsa ya faɗa kan taga.

Gavra ya kwasa da gudu. Milutin, yana yashe a ƙasa, ya ji an banke ƙofar baya, ya ji an jawo tsani daga jikin rumfa, ya ji Gavra na ƙwala wa matarsa kira ta kawo barguna ta kira motar asibiti. Da aka shigo da Leposava leɓunanta sun yi shuɗi, idanunta a buɗe amma ba ta ganin kowa. A gabansa suka yanke rigar da almakashi. Ba wanda ya tuna da shi a ƙasa sai da motar ta tafi da ita.

Ta rayu. Sanyin ya kama mata huhu, ta yi makonni a asibiti a garin Sombor. 'Yarsu Gordana ta baro aikinta a birnin Viyana ta zo, ita ke yi wa ubanta wanka tana kau da fuska, shi ma yana kau da tasa. A cikin makonnin nan ƙanƙarar ta ja da baya daga gefe, ta zama tsibiri, ta ɓace. Kifayen suka taso ciki sama, da kwaɗi a tsakaninsu farare sol. Gavra, kunne a naɗe, ya kwashe su da raga ya binne a gindin tuffa. Ya ce ya hango 'yan ƙanana suna motsi a ƙasa, amma Milutin bai gan su ba.

Ranar da aka sallamo Leposava, sai da Gordana ta riƙe ta ta hau matakala. Ta rame har zoben aurenta na yawo a yatsa, in ta yi tari sai ta dafa bango. Bayan sun ci miyar wake, Gordana ta ture kwano ta faɗi abin da ke cikinta. Hutunta ya ƙare. Ta samo wa Baba gado a gidan kula da tsofaffi a gari. Mama kuwa za ta bi ta Viyana, ɗakinta na can ba zai ɗauki mutum uku da keken guragu ba.

"Ba inda za ni," in ji Leposava.

"Mama, don Allah. Wa zai ɗaga shi? Wa zai ɗebo itace?"

"Wa ke ɗaga shi da?"

"Da ke nan. Dubi hannunki."

"Ke dai matsa ki gani."

Ta miƙe ta zo bakin gado. Ta zura hannuwa ƙarƙashin hammatarsa kamar yadda ta saba, kuncinta a jikin nasa, yana jin ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ya kafa ƙafar hagu ya taimaka mata da duk abin da yake da shi. Ya ɗan tashi daga katifa. Sai hannuwanta suka saki, suka koma tare, ita a kansa, tari ya turnuƙe ta.

Gordana ta taso tana kuka. Leposava ta ɗaga mata hannu.

"Kar ki taɓa shi. Bari in numfasa tukuna."

Ta zauna a gefen gadon har tarin ya lafa, ta goge baki da bayan hannu. Sannan ta juyo ta sake zura hannuwanta.