Kyasuwar Bayan Rijiya

Baba yana da wani fili a bayan rijiya wanda ya kewaye da ƙaya. Dabba ba ta shigarsa sai kyasuwa ta nuna. Ita kyasuwa ciyawar shekara ɗaya ce, in ba ta zubar da iri ba, baɗi babu ita. Duk ƙarshen damina sai Baba ya je ya murza kanta a tafin hannu. In 'ya'yan suka zube, ya buɗe wa shanu. In ba su zube ba, ko kukan jini za ka yi ba zai buɗe ba.

Bara Baba ya makance, kiwo ya dawo hannuna da na Yaya. Ruwa kuma ya ɗauke da wuri. Waje ya koma fako, har sabara shanu suka gwaguye. Jar saniyarmu mai shayar da maraƙi ta kai sai an ɗaga ta da safe.

"Ke, buɗe mata," in ji Yaya. "Kwana goma ya rage iri ya zuba. Ciyawa ta san lissafi ne?"

"Baba fa?"

"Baba gani yake yi?"

Maganar ta yi mini zafi, amma ni na ja ƙayar da hannuna, ba zan ɗora wa kowa ba. Saniya ta shiga, sauran suka rufa mata baya, na yi ta kora a banza. Kwana uku suka aske filin tas. Saniya ta miƙe. Da Baba ya tambaya, na ce masa iri ya zuba.

Bana ruwan farko ya sauka, ɗan irin da ya saura a ƙasa ya tsiro, sai rana ta yi mako uku tana gasa shi. Da damina ta zauna filin ya yi kore shar, Yaya har da yi mini dariya, wai ina asarar da nake tsoro. Ni na san ganyen kyasuwa, kuma wannan ba shi ba ne. Tun daga nan hankalina bai sake kwanciya ba.

Jiya da hantsi Baba ya ce in kai shi ya murza. Na ce rana ta yi zafi.

"Uwata, miƙo mini sandata," ya ce.

Na riƙe shi har cikin shingen. Ya durƙusa yana lalube kamar mai neman kan jikansa. Sai ya janye hannu da sauri, tafinsa cike da ƙarangiya. Ya matsa gaba ya sake gwadawa, ya sake. Sannan ya zauna.

"Saniyar ta rayu?"

"Ta rayu, Baba."

"To, me za ta ci da rani?"

Na durƙusa ina cire masa ƙayar ɗaya bayan ɗaya. Bai janye hannun ba.