Farin Fentin Malam Muhsin

Shekarar da soja suka tattara nasu-ya-nasu suka koma bariki, kowa a Kano yana da abin da yake jira daga mulkin farar hula. Wani kwangila, wani kujerar kansila, wani kuwa fetur kawai yake so ya samu ba tare da ya wuni a layi ba. Hafsah, wadda nas ce a asibitin koyarwa, abu ɗaya take jira: mijinta ya dawo. An sako shi kam, an kawo shi har gidansu na haya a Gyaɗi-Gyaɗi, amma abin da aka kawo mata jiki ne a cikin riga. Mutumin da ta aura bai iso ba tukuna.

Malam Muhsin malamin sakandare ne, kuma a da idan ya fara zance sai an roƙe shi ya numfasa. Bakin nan ne ya ja masa. Ya yi wata magana a taron ƙungiyar malamai, wata safiya kuma Hafsah tana wurin aiki aka zo aka tafi da shi. Ba ta ga waɗanda suka zo ba, ba ta ga abin da suka zo da shi ba. Shekaru suka shuɗe ba a san ma garin da yake ba. Da ya dawo, sai ya zauna a gefen gado yana kallon ƙofa. Idan an gaishe shi ya ɗaga kai, idan an ba shi abinci ya ci, shi ke nan.

Wani likita da take aiki da shi ya ja ta gefe ya ce mata irin wannan yana warkewa, amma a hankali. A samar wa hannunsa abin yi, kuma a kiyaye kada wani abu ya sake firgita shi, domin idan ya kuma komawa ciki, ba lallai ne ya fito ba. Wannan maganar ta zauna mata a ƙirji, da ita take zuwa aiki, da ita take dawowa.

Hajiya, mahaifiyarsa, ita ma ta kafa tata dokar tun ranar da dangi suka cika gidan ana barka da arziki. "Kada wanda ya tayar masa da zancen," in ji ta. "Kada a tambaye shi, kada a yi hirar a gabansa, kada ma a yi ta a bayansa. Allah ya dawo min da shi, ya isa." Maganar Hajiya kuwa daga Babban Giji har Gyaɗi-Gyaɗi ba a tsallake ta. Kowa ya ja bakinsa ya rufe, har maƙwabta, suna ganin hakan shi ne tausayi.

Abin yin ya fito ne daga wani tsohon akwatin ƙarfe na marigayi mahaifinsa. Tsohon ya yi aiki a kamfanin sayar da motoci tun zamanin da ake ba mai saye ƙaramar mota ta ƙarfe kyauta don talla, irin wadda ba ta fi tafin hannu ba amma har ƙofofinta suna buɗewa. Ya tara su da yawa, ya haɗa da na wasan yara da ake kawowa tsaraba daga Makka. Akwai Bitil ja, Landiroba koriya, Marsandi baƙa, duk sun yi tsatsa, fenti ya ɓare, wasu babu taya. Hafsah ce ta sa aka kawo akwatin, ta buɗe shi a gabansa ta fita abinta.

Da ta dawo daga aiki washegari, warin tina, ruwan narkar da fenti, ya tare ta tun daga zaure. Ta iske shi a kan tabarma ya kwance wata mota, ya raba samanta da ƙasanta, ya jiƙa saman a tina cikin gwangwanin madara har tsohon fentin ya yi laushi. Yana goge shi da tsohon burushin haƙori, lungu-lungu, harshensa a waje kamar ɗalibi mai koyon rubutu. Bai ɗago ba ya ce, "Miƙo min samfefa." Ta miƙa masa takardar gugar, sannan ta shige kicin ta yi kukanta, don ita ce magana ta farko da ya yi mata da kansa tun dawowarsa.

Hannun nasa kuwa ya iya. Inda ƙarfe ya lotsa sai ya ƙwanƙwasa shi daga ciki da kan ƙusa. Tayoyi ya yanko su daga tsohon silifas. Fenti ba ya lafta shi, shafa ɗaya siririya zai yi, ya rataye motar a waya ta bushe, ya goge da samfefa mai laushi, ya sake wata shafar. Ya fara tambayar ko an yi la'asar. Ya fara fita masallacin bakin layi. Ran nan har ya ce miya ta yi gishiri, Hafsah ta ji daɗin ƙorafin nan fiye da duk wani yabo da aka taɓa yi wa girkinta.

Sai dai duk motar da ta shiga gwangwanin nan, fara take fitowa. Jar Bitil ta koma fara, haka koriyar Landiroba, haka Marsandi. Gilasan kuma yana shafa musu baƙi daga ciki, har ba a ganin kujerun da ya ɓata lokaci yana gyarawa. Ɗan wurin lamba na gaba da baya yana kankare shi tas. Idan ya gama sai ya jera su a kan taga, dukansu hancinsu yana kallon ƙofa. Akwai wata doguwar Fijo, irin mai kujeru layi uku, wadda ba ta taɓa gamsar da shi ba. Zai gama ta, ya zuba mata ido, ya sake jefa ta a tina ya faro daga farko.

Hafsah ta fara jin wani iri idan ta shiga ɗakin. Ta taɓa gwada shi da wasa, ta ce, "Malam, ko a samo maka shuɗi? Duk ka mai da su kamar motocin asibiti."

"Haka take," ya ce.

Tambaya ta zo mata har bakin leɓe, wace ce haka take? Sai ta tuna dokar Hajiya, ta tuna maganar likita, ta haɗiye.

Dangi kuwa murna kamar an yi musu haihuwa. Duk wanda ya zo sai ya tsaya gaban taga yana cewa ma sha Allah. Wanda ya fi kowa zumuɗi shi ne Maje, yayan Muhsin, ɗan kasuwa mai zuciyar kyauta da gaggawar yanke shawara, irin mutumin da zai saya maka takalmi kafin ya tambayi girman ƙafarka. Ya tare ta a zaure ya rage murya.

"Hafsatu, mun zauna a gida. Namiji ba zai ƙare a wasan yara ba. Kowa ya kawo gudummawarsa, za mu saya masa ta gaske, ya koma aiki a cikin mutuncinsa. Ba-zata za mu yi masa. Wacce ya fi so a cikinsu?"

"Yaya, ko a bari ya ƙara samun sauƙi?"

"Sauƙin ke nan za mu kawo masa! Ba ni samfuri in kai wa mai fenti, a yi masa irinta sak."

Ba a musu da wan miji a kan alheri, balle alherin da Hajiya ta sa wa albarka. Muhsin yana masallaci ta ɗauko doguwar Fijon nan ta ba shi, ya jefa a aljihun babbar riga ya tafi yana fara'a.

Da Muhsin ya dawo, a bakin ƙofa ya tsaya. Bai tambayi wanda ya ɗauka ba, bai duba ƙarƙashin gado ba. Ya daɗe yana kallon gurbin Fijon a kan taga, sannan ya ce a hankali, "Ta fita."

"Wataƙila faɗuwa ta yi, zan duba maka," in ji ta, tana jin kunyar ƙaryar.

"Za ta dawo," ya ce.

Daga ranar bai sake buɗe gwangwanin fenti ba. Ya daina zuwa masallacin bakin layi, a ɗaki yake sallarsa. Abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. Duk motar da ta rage gudu a layin, sai ta ga kafaɗunsa sun ɗage. Tsoro ya kama ta sosai, ta aika wa Maje cewa a dawo da samfurin. Ya aiko da amsa cewa ta kwantar da hankalinta, ranar Asabar ƙarama da babba za su zo tare. Ta lallashi kanta da cewa kewar abin wasansa ce kawai, idan ya gan ta komai zai daidaita.

Asabar ɗin bayan la'asar hadari ya haɗo ta wajen Hotoro, gari ya yi duhu-duhu, iska ta tsaya cik. Hajiya ta iso da mata daga Babban Giji, da kulolin dambu da zoɓo, kowacce tana ƙunshe dariya. Aka aika a kira Inna Kulu, tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin layin tun kafin Hafsah ta tare a gidan. Ita ciwon gwiwa ya hana ta shigowa tun ranar barka, kullum saƙon gaisuwa take aikowa. Ta shigo tana dogara sanda, ta ce bari ta leƙa ta gaida Malam. Ta ɗaga labule, idonta ya faɗa kan taga. Ba ta yi gaisuwar ba. Ta saki labulen, ta damƙi hannun Hafsah ta ja ta bayan randa.

"'Yar nan, wa ya bar shi yana yin wannan?"

"Me ya faru, Inna?"

"Ke ba ki sani ba? Ai irin motar nan ce ta zo ranar da aka tafi da shi. Fara, doguwa, gilashi baƙi ƙirin, babu lamba. A gaban kaskona ta wuce. Maza ne cike a ciki, suka yi ham sau biyu, ya fito da kansa yana tsammanin baƙi ne."

"Inna, me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"Hajiya ta ce kada a yi zancen. Kuma na zaci kin sani, duk layin nan an sani."

Hafsah ta juya ta kalli labulen ɗakin. Duk watannin nan tana saya masa farin fenti da hannunta, tana yaba masa, ashe ranar nan yake ta maimaitawa a kan taga. Ta figi mayafi za ta ruga bakin titi ta tare Maje, ko da kwanciya za ta yi a gaban motar. Ba ta kai zaure ba ta ji ham a ƙofar gida, aka kuma yi na biyu. Mata suka rangaɗa guɗa.

Mai fenti ya ci kuɗinsa da halal. Motar tana nan tsaye ta toshe ƙofa, fara sol, gilasai baƙi, an cire lamba don fenti ba a mayar ba tukuna. Maje ya ɗebo abokansa na kasuwa don a yi shaida, suna ciki ba a ganin fuskokinsu, inji yana ta ruri. Hafsah ta juya da gudu don ta rufe ƙofar ɗaki, sai ta yi kiciɓis da shi a tsakar gida. Ya riga ya sa hula, ya sa takalmi. Fuskarsa ba tashin hankali ko kaɗan, wannan ne ma ya fi ba ta tsoro.

"Malam, tsaya ka ji. Yaya Maje ne. Kyauta ce aka kawo maka."

Ya kwance agogonsa ya sa mata a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai. Ya wuce ta, ya wuce Hajiya da ke sa masa albarka, ya fita. Maje ya fito daga mazaunin direba yana washe baki, ya ɗaga makulli sama yana cewa, "Ango, ga amaryarka!" Muhsin bai ko kalli makullin ba. Ya buɗe ƙofar baya, ya shiga ya zauna tsakanin maza biyun da ke wurin, ya haɗa hannayensa a baya, ya kifa kansa a kan gwiwoyinsa.

Guɗar ta mutu a maƙogwaron mata. Mutanen cikin motar suka dubi juna, suka sulale waje ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya fara ɗigowa a kan sabon fentin. Maje yana tsaye da makulli a sama yana tambayar kowa me ya faru.

Hafsah ta shiga motar ta durƙusa a gefensa. Ta dafa kafaɗarsa, ta ji ta ƙage kamar itace. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mahaifiyarsa ba, amma ranar ta kira.

"Muhsin. Ni ce, Hafsah. Ɗago ka gan ni, a gida kake."

Bai ɗago ba. Muryar da ta fito daga tsakanin gwiwoyinsa a natse take, da ladabi, muryar wanda ya daɗe yana ba da amsa iri ɗaya.

"Ranka ya daɗe, ni kaɗai ne," ya ce. "Matata ba ta san komai ba. Don Allah ku ƙyale ta."