Tayar Lokacin Sanyi

"Mirgino ta nan," in ji Baba Halidu daga kan tabarma.

Isaka ya mirgina tayar har bakin ƙofar ɗakin, yana haki. Ya gaji da ɗauko tayoyi daga garejin Lazaret zuwa unguwarsu Boukoki a nan Yamai, tsohon yana mayar da su kamar mai zaɓen surukai. Tun da likita ya sallamo maƙwabcin nasa ba tare da magani ba, Isaka ya yi rantsuwa zai kai shi garinsu, can bayan Tahoua, ya cika cikin danginsa. Ga damina ta kankama, ga tayoyin kamyonsa, babbar motar da yake ɗaukar kaya da ita, sun suɗe, ga mutum kullum ƙara ramewa yake yi.

Idanun Baba Halidu sun daina aiki, amma hannun tsohon shofer bai manta ba. Tun zamanin Faransawa yake tuƙi a hanyar arewa. Ya shafa tayar, ya cusa babban yatsa tsakanin haƙoranta.

"Wannan ta laka ce. Mayar da ita."

"Haba Baba! Laka ce fa a gabanmu, tun daga Dosso."

"Mai faɗi nake so, marar manyan haƙora. Wadda in ka rage mata iska za ta kwanta bisa rairayi, ba ta tona wa kanta rami ba."

Ran Isaka ya ɓaci ƙwarai. "Wane rairayi cikin damina? In muka tsaya zaɓe, wallahi ba za mu riski komi ba!"

Tsohon ya juya kai wajen madafa, inda matarsa Kadi ke hura wuta, ya sassauta murya.

"Isaka, ni ba inda za ni. Ƙasar Yamai ma ƙasa ce. Ita za ka kai, in ta fita takaba. Lokacin sanyi ya shigo ke nan, hanyar garinmu ta koma rairayi. Tana tsoron mota, kar ka bari ta kwana a daji."

Isaka ya tsuguna riƙe da tayar, hawaye na zubo masa, yana jin kunyar tsawar da ya yi.

Washegari ya kawo mai faɗin. Baba Halidu ya daɗe yana shafa ta, sannan ya ce, "Yawwa." Bai kai Juma'a ba.

Da sanyi ya shigo, Kadi ta hau gaban kamyo da ƙunshin kayanta, ta lulluɓa da bargon mijinta. Inda jar hanya ta ƙare bayan Tahoua, Isaka ya tsaya, ya sauka, ya bi tayoyin yana rage musu iska.

"Lafiya, Isaka? Mota ta lalace?"

"Lafiya lau, Inna. Haka ya ce a yi."

Kadi ta gyara bargon. Kamyo ya hau rairayin a hankali, bai nutse ba.