Kujerar Uwargida

Shekara arba'in da uku kafintan ya yi yana haɗa kujeru, amma bai taɓa yi wa matarsa ko ɗaya ba. Sai da ciwon baya ya sa ta gaba, likita ya hana ta zaman tabarma, sannan ta tanka.

"Malam, ka yi wa makarantu, ka yi wa ofisoshi. Ni ce ba ni da baya?"

Ya yi dariya, ya ce kwana uku sun ishe shi. Ya zaɓi katako busasshe, ya yanka, ya goge har yana sheƙi, ya ɗauko kujerar a ka ya dire a tsakar gida. Uwargida ta zauna, ta gyara, ta sake gyarawa.

"Kyau kam ta yi kyau," in ji ta, "amma ta baƙi ce."

Maganar ta soke shi. Da a ƙuruciya ne, da tuni guduma ta sha jifa, don lokacin ko ƙusa aka ce ta karkace sai ya yini yana huci. Da girma ya zo, ya samo wa kansa magani: in ransa ya ɓaci, sai ya ɗauki tsintsiya ya share shago tun daga ƙurya har bakin ƙofa. Ranar sau biyu ya share.

Kujera ta biyun ya rage mata tsayi, ya sa katifa. Ta kwana biyu tana zama, a na uku ya tarar da ita ta cusa filo a gefe tana cije leɓe.

Sai ya ajiye abin awo. Mako guda yana dawowa da la'asar, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki yana kallon ta tana tsintar wake.

"Wai lafiya? Yau ka fara ganina?"

"Ci gaba da aikinki."

A nan ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba: tana karkata hagu in ta zauna, tun faɗuwar da ta yi a bakin rijiya da cikin autarsu, kuma gwiwar hannunta kullum neman wurin dogarawa take.

Ta ukun ta cinye masa kwana goma sha ɗaya. Ya fafe majinginar a gefe guda, ya sauke hannun hagu da faɗin yatsa biyu. Telan da ke maƙwabtaka da shi, abokinsa tun suna samari, ya leƙo ya kama baki.

"Tsufa ya zo! Kafinta ya yi karkatacciyar kujera."

"Ba taka ba ce," ya ce, bai ko ɗago ba.

Da ya kai gida, uwargida ta zauna. Ya tsaya yana jiran hukunci. Kafaɗunta suka sauka a hankali, ta miƙe ƙafa.

"Miƙo mini farantin nan," ta ce.

Ya miƙa mata, ya koma gefe yana murmushi shi kaɗai.

Washegari yana buɗe shago ya hango tela a duƙe kan keken ɗinkinsa, wuya a lanƙwashe kamar mai neman allura a ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya soke fensir a kunne ya tsallaka.

"Kar ka motsa," ya ce. "Zauna yadda ka saba."